Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar masana'antar ƙarfe a bakin kogin James

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni sana'ata gwangwan ce, a Owode Onirin nake, nan kan hanyar Ikorodu. Yarona na fari yana karatu a Amurka, a wani gari da ake kira Richmond. Kwanan baya ya turo mini hotuna ta WhatsApp na wani tsohon kamfanin ƙarfe a bakin kogi mai suna Tredegar. Bangon jan bulo duk ya zube, ga igwa da manyan ƙarafa a ajiye a fili, mutane na biyan kuɗi suna shiga kallo. Ya ce mini bayi sun yi aiki a wurin. Tambayata biyu ce. Ashe bayi sun yi aikin kamfani, ba gonar auduga kaɗai ba? Sannan me ya sa aka bar wannan uban ƙarfe yana shan rana da ruwan sama, alhali da a nan ne da tuni ya hau sikeli ya koma rodi?

Daga wani Alhaji mai sana'ar gwangwan, Owode Onirin, Legas

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaro albarka, ya dawo maka da shi lafiya da abin da ya je nema. Gaskiya ya faɗa maka, bayi sun yi aiki a Tredegar, kuma ba shara da dako kaɗai suka yi ba, har aikin gwanaye na bakin wuta. Amma bari in fara da wurin kansa, don sai ka san abin da ya kai shi bakin kogi sannan sauran labarin zai zauna maka.

Richmond ita ce babban birnin jihar Bajiniya. A daidai nan kogin James yake gangarowa da ƙarfi ta kan duwatsu, kuma nan ne iyakar inda jirgin ruwan da ya taso daga teku zai iya kaiwa. Tun kafin a kafa masana'antar an haƙa wata doguwar hanyar ruwa a gefen tudu, sama da kogin, domin jiragen kaya su kauce wa duwatsun. Sai aka gina masana'antar a tsakanin wannan hanyar ruwa da kogin. A buɗe wa ruwa ƙofa daga sama, ya zubo ta cikin kwatar da aka gina masa, ya juya manyan ƙafafun inji, ya fice ta ƙasa ya koma kogi. Ni jikan maƙera ne, ina yaro na yi zuga a maƙerar kakana a ƙasar Kano har kafaɗuna suka riƙa tsami. To abin da yaro mai zuga-zugi zai yi na ɗan lokaci ya nemi a karɓe shi, shi ruwan nan yake yi dare da rana, ba gajiya, ba kuɗin mai. Ta wannan hanyar ruwan kuma ake sauko da ɗanyen ƙarfe daga tanderun da ke cikin duwatsun yammacin jihar, ga ma'adinan kwal kusa da gari. Wuta, ƙarfe, ƙarfin juya inji da hanyar fitar da kaya duk sun haɗu a wuri guda.

A 1837 wasu 'yan kasuwar garin, Francis Deane na kan gaba, suka kafa kamfanin. Suka ɗauko wani injiniya, Rhys Davies, da ma'aikata daga garin Tredegar na yankin Wales a Birtaniya, garin da ya yi suna wajen aikin ƙarfe, shi ya sa aka raɗa wa kamfanin sunan garinsu. Da farko abin bai kankama ba, domin shekarar ta zo da karayar tattalin arziki a Amurka. Sai a 1841 wani matashi mai suna Joseph Reid Anderson, wanda ya yi makarantar soja ta West Point, ya shigo a matsayin wakilin sayar da kaya. A 1843 ya karɓi hayar kamfanin, a 1848 ya saye shi baki ɗaya. A hannunsa Tredegar ya riƙa zuba wa gwamnatin Amurka igwa, yana ƙera kawunan jirgin ƙasa, da ƙusoshin layin dogo, da injinan matse rake da ake kaiwa gonakin Kudu. Kafin 1860 babu kamarsa a duk Kudancin ƙasar, a faɗin Amurka kuwa shi ne na uku.

Yanzu ga tambayarka ta farko. Richmond ɗaya ce daga manyan kasuwannin bayi na Amurka, kuma akwai al'adar ba da hayar bawa. Ubangida zai ba kamfani bawansa na shekara guda, yawanci a farkon shekara ake ƙulla cinikin, kuɗin hayar ya shiga aljihun ubangida, kamfani ya ciyar ya tufatar. Kamfanonin taba na garin da haka suke aiki. Anderson ya yi hayar wasu, ya sayi wasu da kuɗinsa. Idan bawa ya yi aiki fiye da abin da aka yanka masa, akan ba shi ɗan abin da ba a rasa ba a hannunsa. Ragowar guminsa duk na wani ne.

Akwai wani aiki da ya fi kowane wuya a irin wannan masana'anta, ina so ka gan shi da idon zuci. Ɗanyen ƙarfen da ya fito daga tanderu yana da gautsi, ka buga shi ya fashe, kamar dai irin ƙarfen zubin da kuke warewa gefe. Kafin ya zama wanda za a iya mulmulawa sai an sake narka shi. Mutum zai tsaya a bakin wata 'yar ƙofa ta tanderu, wuta na dukan fuskarsa, riƙe da doguwar sandar ƙarfe, yana motsa narkakken ƙarfen yana juya shi, har dattin ya ƙone, ƙarfen ya fara kauri yana dunƙulewa. Da idonsa da nauyin da yake ji a hannu zai gane ya yi. Sai ya rarraba shi curi-curi, a ciro kowane curi da babban awartaki yana tartsatsi, a kai ƙarƙashin guduma, daga nan zuwa injin mulmula. Sai mutum ya yi shekaru yana koyo, kuma masu yin sa ba kasafai suke tsufa da lafiya ba. Turawan da suka iya wannan aiki, da yawansu daga Birtaniya da Arewacin Amurka suka zo, albashinsu na da tsoka, kuma sun san ranar da bawa ya iya shi, ranar darajarsu ta faɗi. Da Anderson ya ce zai sa bayi a wannan matsayi, sai suka tafi yajin aiki a 1847, suna neman a janye bayin. Anderson ya sallame su, ya ci gaba da shirinsa.

Ka dubi wannan rigima da kyau, Alhaji. Mai kamfani yana neman araha da ma'aikacin da ba zai iya cewa a'a ba. Masu yajin aiki suna kare abincinsu, amma ba su ce a 'yanta kowa ba, cewa suka yi a kori bayin daga bakin wuta. Mutanen da ake rigimar a kansu kuwa babu wanda ya tambaye su. Wannan shi ke ci mini rai a duk labarin.

A 1861 yaƙin basasa ya ɓarke. Jihohi 11 na Kudu suka ɓalle, babban dalilinsu kuwa su ci gaba da riƙe bayi, waɗanda a ƙidayar 1860 sun kusan miliyan 4. 'Yan awaren sun fara kafa hedikwatarsu a Montgomery ta jihar Alabama, sannan suka dawo da ita Richmond a wannan shekarar, kuma Tredegar na cikin abubuwan da suka sa dole su riƙe garin ko ta halin ƙaƙa. A shekaru huɗu na yaƙin kamfanin ya zuba igwa kusan 1,100, wajen rabin duk abin da Kudu ta ƙera. Da aka riƙa kwashe Turawa zuwa fagen daga, wasu gwanayen kuma suka gudu Arewa, sai yawan bayi ya ƙaru zuwa ɗaruruwa, a cikin masana'antar da kuma tanderun da kamfanin yake da su a cikin duwatsu. Wato da hannun bawa aka zuba igwar da ake harbawa don kada a 'yanta shi.

Ga wani wuri da zai ba ka sha'awa a matsayinka na ɗan gwangwan. Sojojin Arewa da za su bar tashar jiragen ruwa da ke kusa da Norfolk a 1861, sun cinna wa wani jirginsu na yaƙi mai suna Merrimack wuta, ya nutse. 'Yan Kudu suka tsamo gangar jikin, suka ce za su yi masa sulke. Tredegar aka ba aikin. Ɗanyen ƙarfe bai isa ba, sai aka riƙa ɓamɓaro tsofaffin ƙarafan layin dogo da duk wani tarkacen da aka samu ana turawa Richmond. Aka mulmula faranti masu kaurin inci biyu, fiye da tan 700, aka lulluɓe jirgin da su ninki biyu, aka sa masa suna Virginia. Ranar 8 ga Maris 1862 ya hallaka manyan jiragen katako biyu na Arewa, harsasansu na dukan jikinsa suna zamewa. Washegari ya gamu da Monitor, jirgin Arewa da shi ma na ƙarfe ne, suka yi sa'o'i suna ba-ta-kashi babu wanda ya ka da wani. Wannan ne karon farko da jirage biyu masu sulken ƙarfe suka kara, kuma daga ranar manyan ƙasashe suka san zamanin jirgin yaƙi na katako ya wuce. Ka ga ashe sana'arku ta daɗe tana ciyar da masana'antu. Ƙarancin ɗanyen ƙarfen nan kuwa bai bar Tredegar ba har yaƙin ya ƙare, bai taɓa yin aiki da cikakken ƙarfinsa ba.

A daren 2 zuwa 3 ga Afrilu 1865 gwamnatin 'yan aware ta tsere daga Richmond, sojojinta suka sa wa rumbunan ajiya wuta, gobara ta cinye unguwar kasuwanci ta garin. Anderson ya tsayar da ma'aikatansa ɗauke da bindigogi a kewayen kamfanin, shi ya sa Tredegar ya tsira. Ranar 4 ga wata Shugaba Abraham Lincoln ya shigo garin da ɗansa Tad, bayin da suka sami 'yanci suka yi dafifi suna tarbarsa. Kwana goma bayan nan aka harbe Lincoln.

Shi kuwa Anderson bai rasa kamfaninsa ba. Ya nemi afuwa wurin sabon shugaba, Andrew Johnson, aka ba shi a cikin shekarar. Yana da kuɗin audugar da ya sayar a ajiye a Landan, da su ya sake tayar da aiki. Kudu tana bukatar sake shimfiɗa layin dogon da yaƙi ya lalata, kasuwa ta buɗe, har ma'aikata suka kai 1,200 a 1873, cikinsu da baƙaƙen fata da yanzu ake biyansu lada. A wannan shekarar aka sake samun karayar tattalin arziki, kamfanonin jirgin ƙasa da yake bi bashi suka durƙushe, shi ma ya jigata. A daidai lokacin kuma duniya ta koma ga sabon nau'in ƙarfe mai ƙarko, wato sitil, wanda ake yi da yawa cikin araha a garuruwa irin su Pittsburgh. Tredegar ba shi da jarin da zai sauya injinansa. Bai mutu ba, amma girman ya tafi. Ya koma yin ƙusoshin layin dogo, ƙafafun taragu, takalman dawaki, in yaƙi ya tashi kuma ya zuba kwanson harsasan igwa, kamar yadda ya yi a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. A 1957 iyalan Anderson suka sayar da filin ga wani kamfanin takarda mai suna Albemarle, aka kwashe ragowar aikin zuwa wajen gari. Shekara 120 ke nan ana hura wuta a wurin.

To ga tambayarka ta biyu. Kada ka ɗauka an bar komai. Yawancin gine-ginen an rushe su, 'yan kaɗan ne suka rage, kuma su ma sun yi shekaru a yashe, ciyawa ta rufe su. A 1962 Albemarle ya sayi kamfanin Ethyl, mai yin sinadarin da ake zubawa a man fetur, ya ɗauki sunansa. A 1972 guguwar Agnes ta kawo ambaliyar da ta shanye bakin kogin Richmond. Bayan wannan ne Ethyl ya sa kuɗinsa ya gyara abin da ya saura, ciki har da ginin da aka zuba igwa a lokacin yaƙi. A 1977 gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa.

Ko bayan haka ba a tashi guda aka dace ba. A 1994 aka buɗe wani gidan tarihin birni a wurin da kuɗi masu yawa, 'yan kallo ba su zo yadda aka zata ba, aka rufe a 1995. A 2000 hukumar kula da wuraren tarihi da gandun daji ta ƙasa ta buɗe ofishin karɓar baƙi a ginin da a da ake ajiye samfuran katako, waɗanda ake dannawa a cikin yashi a fitar da siffar abin da za a zuba. A 2003 aka kafa mutum-mutumin Lincoln da ɗansa zaune a kan benci, wasu jikokin sojojin Kudu suka fito zanga-zanga, shekara 138 bayan yaƙin. A 2006 aka buɗe cibiyar tarihin yaƙin basasa da ta ɗauki alkawarin ba da labarin ta fuska uku: ta 'yan Arewa, ta 'yan Kudu, da ta baƙaƙen fata. A 2013 ta haɗe da tsohon gidan tarihin 'yan aware, a 2019 suka buɗe sabon gini na gilashi wanda aka gina shi ya rungume rusasshen bangon tsohuwar maƙerar. Ina jin shi ne bangon da ka gani a hoton. Filin da ke kewaye kuma ya zama wurin shan iska, duk watan Oktoba ana bikin kaɗe-kaɗen gargajiya a bakin kogin.

Ra'ayina, Alhaji, ba na ganin sana'arka a matsayin abokiyar gabar tarihi. Ba don ku ba da Legas ta cika da mushen motoci da tsofaffin janareta, kuma rodin da ake gini da shi a garin nan da yawansa daga hannunku ya bi ya isa masana'antun Ikorodu da Ogijo. Mafi yawan tsohon ƙarfe can ya kamata ya tafi. Amma igwa ɗaya ta Tredegar in ta hau sikeli, kuɗin da za ta kawo mako guda ya isa a cinye shi, rodin da za ta zama kuma ba zai bambanta da kowane rodi ba. A inda take, yaronka ya tsaya a gabanta, ya ji cewa wani mutum mai kalar fatarsa ne ya zuba ta ba da son ransa ba, abin ya taɓa shi har ya turo wa mahaifinsa a Owode Onirin. Bayin nan ba su bar gidaje ba, ba su bar littattafai ba, da yawansu sunansu na farko kaɗai ya rage a takardun haya. Bangon nan da ƙarfen nan su ne shaidar da ta saura cewa sun yi aiki, kuma gwanaye ne. An daɗe ana nuna wurin a matsayin abin alfaharin sojojin Kudu kawai, sai da aka yi ta fama kafin a shigar da labarinsu. Da an rushe, da babu inda za a tsaya a yi wannan faman.

Ina roƙonka abu guda, kai da abokan sana'arka. Idan kaya ya shigo hannunka ka ga tsohon ƙarfe mai rubutun shekara ko sunan kamfani a jikinsa, ƙararrawa ce, farantin jikin kan jirgi ne, ko tsohon sikeli, ka ɗauki hotonsa kafin a sa masa wutar yanka, ka tambayi daga inda ya fito. In da hali ka ajiye shi gefe, ka sanar da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan.

TAMBAYA: Malam, ni mai walda ne a Agege. Tun ina yaro nake jin Ajaokuta, Ajaokuta. Shin ba gara a mai da shi gidan tarihi ba kowa ya huta?

Daga wani matashi mai walda, Agege

AMSA: Ɗana, na fahimci gajiyarka, amma ban goyi baya ba. Ajaokuta na jihar Kogi, a bakin kogin Neja, kuma dalilan da suka kai shi can su ne irin waɗanda na ambata a sama: ruwa, hanyar sufuri, da tama a Itakpe da ba ta da nisa. A 1979 aka ƙulla kwangilar da wani kamfanin Tarayyar Sobiyet, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashin a 1980. Wasu sassan mulmula ƙarfe sun yi aiki na ɗan lokaci da ɗanyen kayan da aka kawo daga wani wuri. Amma babban tanderun da zai narka tama, wanda shi ne zuciyar masana'antar, ba a taɓa hura masa wuta ba har yau. Layin dogon da zai haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri ma sai a 2020 aka ƙaddamar da shi.

Tredegar ya yi aikinsa ya gama kafin a mai da shi wurin kallo. Ajaokuta bai fara nasa ba. Kai da kake sayen ƙarfe kullum ka fi ni sanin yadda farashinsa ke bin dala, ka kuma san an gina kamfanonin mulmula ƙarfe a Katsina da Jos da Osogbo ne da nufin a riƙa ciyar da su da ƙarfen gida. Abin da ya kamata ku matasa ku riƙa tambayar duk ɗan siyasar da ya zo da alkawarin Ajaokuta shi ne: yaushe za a kunna babban tanderun, daga ina za a samo kwal ɗin da ya dace da shi, kuma wa zai biya?

TAMBAYA: Malam, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Idi-Araba, yawancin ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne da aka haifa a nan. Ina so in kai 'yan aji shida yawon buɗe ido, amma ba bakin teku ko wurin wasan lilo ba. Ina ne za su ga wani abu na tarihin aiki da injina a Legas?

Daga wata malamar makaranta, Idi-Araba

AMSA: Malama, Allah ya saka miki, da gangan na haɗa wasiƙarki da ta Alhaji. Ki kai su harabar ma'aikatar jirgin ƙasa da ke Ebute Metta. A ciki akwai wani tsohon bene na katako da ake kira Jaekel House, wanda aka gina a 1898, yana cikin gine-gine mafi tsufa a harabar. Ya lalace ƙwarai, sai ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara shi a 2010 ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi. Za su ga tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgin ƙasa na da, ga fili mai inuwa da za su zauna su ci abinci.

Kafin ku tafi ki shirya su da labarin, domin nasu ne. An fara shimfiɗa layin daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. A kansa gyaɗa da fata da shanu suka sauko, goro da gishiri da atamfa suka hau, kuma a kansa kakannin yawancinmu suka zo garin nan. Zangon Agege ma bakin layin ya bi ya bunƙasa. Ki sa kowane yaro ya tambayi babba a gidansu wane ne ya fara zuwa Legas a zuriyarsu, da me ya zo, a ina ya sauka. Ki gaya musu kuma daga cikin ma'aikatan wurin nan Michael Imoudu ya fito, wanda ya jagoranci babban yajin aikin 1945 da ya tsayar da ƙasar sama da wata guda. Gani ya kori ji.

In motar da kuka ɗauka ta yini ce, ku haye tsibiri ku shiga Freedom Park da ke kan Broad Street. Kurkukun Turawan mulkin mallaka ne a da, Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo duk sun zauna a ciki. A 2010 aka mai da shi wurin shaƙatawa da taruka bisa zanen Theo Lawson, aka bar tsohuwar katangar da alamun ɗakunan fursunoni don mai shiga ya ga ƙanƙantarsu. A hanya, wajen Ijora, ki nuna musu tsohuwar tashar wutar lantarki da aka buɗe a 1923, wadda da kwal take aiki, yanzu tana tsaye shiru a bakin ruwa. Duk sanda na wuce ta raina yana sosuwa, domin na ga abin da ya sami Ilojo Bar, wani tsohon gini da a da yake kusa da dandalin Tinubu: tun 1956 yake cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa, amma a watan Satumba na 2016, ana shirin Babbar Sallah, aka wayi gari an baje shi.

Ki fara zuwa Ebute Metta ke kaɗai, ki ji ranakun da suke buɗewa da abin da za a biya wa kowane yaro, ki kuma roƙi a haɗa ku da wanda zai yi musu bayani. In akwai tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a unguwarku da ya yi ritaya, ki gayyace shi ya bi ku, zai faɗa musu abin da babu a jikin allo. Ki karɓi izinin iyaye a rubuce, kowane yaro da ruwansa da ɗan littafi da fensir, ku bar Idi-Araba da sassafe kafin Ojuelegba ta cushe.